Nazarin Lamari: Yadda Masu Kula da Laburaren Wasu Makarantun Jos Suka Horar da Junansu

Lamarin da wannan nazari ya duba ya shafi wasu 'yan makarantun sakandare a cikin garin Jos, waɗanda masu kula da laburarensu suka haɗa kai suna koya wa juna aiki, ba tare da wata hukuma ta umarce su ba, kuma ba tare da an ware musu ko sisi ba. A cikin makarantun akwai na gwamnati, akwai na al'ummar Musulmi a wajajen Unguwar Rogo da titin Bauchi, akwai kuma na mishan a ɓangaren Tudun Wada da hanyar Bukuru. An sakaya sunayen makarantun da na mutanen, domin abin da ake so a gani shi ne yadda aikin ya gudana, da abin da ya sa ya kama ƙasa a wasu wurare ya kuma watse a wasu.

Mace ɗaya ce kawai a cikin waɗannan mutane ta karanci ilimin laburare a jami'a, ta kuma yi rajista a matsayin ƙwararriya. A wata makarantar mishan take aiki, kuma ita kaɗai ce ba ta da wani aiki sai na laburare daga safe har a tashi. Sauran duk malaman aji ne, masu koyar da Turanci ko Hausa ko tarihi, waɗanda aka miƙa wa makullin ɗakin a matsayin ƙarin aiki, sau da yawa don kawai an ga darussansu na mako ba su kai na abokan aikinsu yawa ba. Babu wanda ya taɓa nuna musu yadda ake shigar da littafi a rajista, balle yadda ake ba shi lamba.

A takarda ba haka aka tsara ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, ta sanya laburare cikin muhimman hidimomin ilimi, ta ɗora wa masu makarantu nauyin samar da shi. Dokar soja mai lamba 12 ta 1995 ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan laburare, wato LRCN, wadda ke tantance wanda ya cancanci a kira shi ƙwararre a wannan fanni, yayin da sanarwar da IFLA, wato tarayyar ƙungiyoyin laburare ta duniya, da UNESCO suka fitar a 1999 ta nemi a damƙa laburaren makaranta a hannun wanda ya sami horo. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa tana nan tun 1962, ta laburaren makarantu tun 1977, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana koyar da fannin tun 1968. Sai dai wanda ya kammala wannan digiri yakan nufi jami'a ko kwaleji ko wata ma'aikata, inda albashi da matsayi suka fi. Malamin da aka ba makulli kuwa ya faɗa tsakani: horon da yake samu a matsayinsa na malami bai taɓo laburare ba, tarurrukan ƙwararrun laburare kuma ba kasafai labarinsu ke isa gare shi ba.

Halin da ɗakunan suke ciki

Ɗaki ɗaya ya isa misali, domin sauran ba su yi nisa da shi ba. A wata makarantar gwamnati, laburaren yana ƙarshen jerin azuzuwa, tagoginsa biyu an toshe su da falanki. A kusurwa akwai kwalaye na littattafan tallafi daga ƙasashen waje da ba a taɓa buɗewa ba, kuma da aka ɗaga na ƙasan sai aka tarar gara ta ci gindinsa ta shige ciki, ta mayar da rabin littattafan ƙasa. Waɗanda ke kan kanta ta jikin bango kuwa danshin watan Agusta ya sa sun yi furfura, shafukansu sun manne. A kan dogon tebur akwai kwamfutoci lulluɓe da leda, rajistar littattafai kuma ta tsaya shekaru da dama baya, da rubutun hannun malamin da ya riga ya yi ritaya. Amfanin ɗakin na yau da kullum shi ne ajiye takardun jarrabawa da zaman malamai lokacin maki.

Malamin da ke riƙe da makullin ba malalaci ba ne, kuma dalilinsa na rufe ɗakin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne dalilin kusan kowa. Ranar da zai miƙa aiki za a ƙirga littattafai, duk abin da ya ɓata kuma shi za a tambaya, wataƙila ma a cire daga albashinsa. Wanda aka ɗora wa irin wannan sharaɗi, ba tare da an ba shi hanyar rubuta aro ko ta cire littafin da ya lalace daga lissafi ba, hankali ne ya sa ya bar makullin a aljihu. Duk wani shirin zamanantar da laburare da bai fara warware wannan tsoro ba, a ganina, ɓata lokaci ne.

Bitar otal da abin da ta bari

Bayan rufe makarantu da annobar korona ta jawo daga watan Maris na 2020, maganar koyo ta intanet ta cika ko'ina, kuma a wannan yanayi ne wata ƙungiya mai zaman kanta ta shirya taron bita na 'yan kwanaki a wani otal, ta gayyaci wakili daga kowace makaranta. Abin da aka koyar ba shirme ba ne. An nuna musu Koha, manhajar tafiyar da laburare da aka ƙirƙiro a Niyu Zilan a ƙarshen 1999, wadda kyauta ce kuma jami'o'in Najeriya da dama suna aiki da ita. An haska ta a bango, an nuna yadda ake shigar da littafi da yadda ake ba da aro, sannan aka raba takardun shaida da kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Zangon karatu ya zagayo, babu makaranta ko ɗaya da ta ɗora manhajar.

Ga wanda ya san Koha, dalilin a fili yake. Tana buƙatar kwamfuta guda da za a keɓe mata, mai tafiya da Linux, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba, da wanda zai gyara idan ta tsaya. Bayanan littafi kuma ana shigar da su ne bisa tsarin MARC, inda kowane bayani yake da gurbi mai lamba, sunan marubuci a 100, sunan littafi a 245, haka har ƙasa. Mutumin da bai san bambancin lambar rajista da lambar fannin littafi ba, nuna masa waɗannan gurabe a bangon otal ba zai tsinana masa komai ba. An fara daga ƙarshen aikin ne aka bar farkonsa.

Abu ɗaya da ya rage daga bitar shi ne zauren WhatsApp da aka buɗe don sanar da lokacin cin abinci da karɓar kuɗin mota. Watanni ya yi ba abin da ake turawa sai gaisuwar Juma'a da ta Lahadi, har ranar da wani malamin Hausa ya ɗauki hoton wani littafi kan takin zamani ya tura, ya rubuta: “Malama, don Allah wannan ina zan sa shi, wajen kimiyya ko wajen aikin gona?” Ƙwararriyar ba ta ba shi lamba kai tsaye ba. Ta ce: “Malam, buɗe shafin da ke bayan sunan littafin ka turo mini hotonsa, ka haɗa da na jerin babi-babi, mu duba tare.” Da suka duba, ta nuna masa cewa littafin yana magana ne kan amfani da taki a gona, ba kan sinadaran da ke cikinsa ba, don haka gidansa a lambobin fanni 630 ne, wato aikin gona, ba 540 na ilimin sinadarai ba. Kashegari wasu suka turo nasu hotunan, kafin mako ya ƙare tambayoyi sun fi ƙarfin waya, sai aka yanke shawarar a haɗu.

Zaman Asabar

Tsarin da suka zauna a kai mai sauƙi ne: Asabar ɗaya a wata, a makarantar ɗaya daga cikinsu bi da bi, kuma ba lacca ake yi ba, littattafan mai masaukin baƙi ake zubewa a tebur a yi aikinsu tare. Wanda ya zo koyo da hannunsa yake koya, mai masauki kuma yana wayar gari da kanta biyu ko uku a shirye. Wannan musayar ce ta riƙe zaman, domin kowa ya san layi zai zo kansa.

A Jos, cewa za a riƙa zagayawa makaranta-makaranta ba ƙaramar magana ba ce. Tun rikicin watan Satumba na 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwanni da yawa sun rabu bisa addini, kuma akwai malamin da ya shekara da shekaru bai taka wasu sassan garin da aka haife shi ba. Zaman farko a wata makaranta kusa da Taminus aka yi shi, inda kowa ke shiga ba fargaba. Daga baya aka saba cewa mai masauki zai fito bakin titi ya tarbi baƙinsa ya kuma raka su, ana farawa da hantsi a tashi kafin la'asar, duk ranar da gari ya yi zafi ko aka sa dokar hana fita kuma a ɗage ba tare da dogon bayani ba. Da Hausa ake yin aikin, harshen da ya haɗa Birom da Angas da Bahaushe da Bayarabe a wannan gari, ko da yake takardun da ake cikewa na Turanci ne.

Watannin farko ba a taɓa kwamfuta ba. An koyi ware littattafan da suka mutu daga masu rai, da buga hatimin makaranta a shafin farko da wani shafi na ciki, da ba kowane kwafi lambar rajista tasa wadda ba za a sake ba wani ba ko da ya ɓata. Ƙwararriyar ta kuma tsara wata 'yar takarda ta cire littafi daga lissafi, inda ake rubuta lambarsa da dalilin cirewa, shugaban makaranta ya sa hannu. Wannan takarda, wadda ba ta cika shafi ɗaya ba, ita ce ta sa malamai suka fara buɗe ƙofa, domin yanzu littafin da gara ta ci ko ɗalibi ya ɓatar yana da hanyar fita daga wuyansu.

Gardama mafi tsawo a kan tsarin Dewey na ba littattafai lambar fanni aka yi ta, kuma gardama ce mai amfani. Tsarin, wanda Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, ya raba ilimi gida goma, kuma gidan addini, wato 200, ya ba Littafi Mai Tsarki da Kiristanci daga 220 har 280, ya tattara Musulunci duka a 297. A makarantar mishan wannan bai dami kowa ba, amma a makarantar da kantocinta suka cika da tafsiri da hadisi da fiƙihu da sira, lamba ɗaya ba za ta raba su ba sai an bi ta da dogayen lambobi bayan ɗigo, waɗanda ɗan aji ɗaya ba zai iya bi ba. Haka abin yake a adabi: ƙagaggun labaran da 'yan Najeriya suka rubuta da Turanci suna zuwa 823 tare da na Ingila, na Hausa suna can 893.72, harsunan Filato kuma tsarin ya raba su, domin Angas da Mwaghavul dangin Hausa ne a cikin harsunan Cadi, Birom da Tarok kuwa wani dangi ne dabam da ke ƙarƙashin 896. Ƙwararriyar ta tsaya a kan a bi ƙa'ida, domin ɗalibin da ya saba da ita ba zai ɓace a laburaren jami'a ba. Malaman suka ce yaron da bai sami littafi a sakandare ba, ba zai je neman sa a jami'a ba. Aka tsaya a tsakiya: lambar Dewey tana nan a rajista da gadon bayan littafi, amma littattafan Hausa da na harsunan Filato an haɗa su a kanta ɗaya kusa da ƙofa, littattafan addinin Musulunci kuma aka ƙara musu harafi a gaban lamba don raba fannoni. Ina ganin malaman sun fi gaskiya a nan, amma ba su kai ga iya yin gardamar ba sai da ta koya musu tsarin.

Kundi ɗaya a waya

Lokacin da aka zo ga na'ura, ba Koha aka koma ba. Jadawali ɗaya aka buɗe a Google Sheets, mai gurabe kaɗan: lambar rajista, marubuci, sunan littafi, shekara, lambar fanni, yawan kwafi, da makarantar da ke da shi. Kowa yana iya cikewa da wayarsa, idan babu data ya rubuta a takarda ya shigar daga baya. An bar gurbin lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, wadda a Najeriya Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita, amma ba a tilasta shi ba, tunda yawancin littattafan Hausa na kasuwa da 'yan ƙananan littattafan coci da na Islamiyya ba su da ita. An dai kiyaye tsarin gurabe yadda za a iya kwashe su zuwa Koha idan hali ya yi.

Amfanin kundin ya bayyana ta inda ba a zata ba. Da aka jera shi bisa sunan littafi, sai aka ga wata makaranta tana da tarin kwafin littafin fiziks guda da ba ta da ɗaliban da za su cinye, maƙwabciyarta kuma ba ta da ko ɗaya, alhali tana da littattafan adabin da ake jarrabawa a kansu fiye da buƙatarta. Aro tsakanin makarantu ya fara daga nan, na zango ɗaya, da takarda mai sa hannun shugabannin biyu. Wasu shugabannin sun ƙi, suna cewa kayan gwamnati ba ya fita harabar makaranta, kuma ba a matsa musu ba. Da farko har sunayen ɗaliban da suka ari littafi aka fara shigarwa a kundin, sai ƙwararriyar ta sa aka goge, ta tuna musu cewa dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ba bayanan yara kariya ta musamman, kuma babu dalilin da zai sa malamin wata makaranta ya san abin da 'yar wani ke karantawa. Rajistar aro ta koma littafin kowace makaranta.

Game da karatu ta na'ura, tunanin farko na kowa shi ne sai an ja intanet, wanda babu makarantar da ke da kuɗin biyan sa wata-wata. Abin mamaki shi ne maganin wannan matsala yana da tarihi a garin nan. Cliff Missen, Ba'amurken da ya koyar a Jami'ar Jos a 1999, wahalar intanet da ya gani a can ce ta kai shi ga ƙirƙiro eGranary, wato rumbun ajiya da ake cika da shafukan intanet a kai inda babu layi. Irin wannan dabara ce suka ɗauka da kayan yau: Kiwix, mai sauke Wikipedia duka, har da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba, Kolibri, mai ɗauke da darussan lissafi da kimiyya, da labaran yara na African Storybook daga Afirka ta Kudu, waɗanda akwai na Hausa a cikinsu. Mutum ɗaya yake saukewa inda ya sami layi mai ƙarfi, sauran su kwafa a filashi ranar Asabar. A makaranta ɗaya, inda ƙungiyar iyaye ta sayi ƙaramin faifan sola da batir, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ce ke raba wa sauran na'urori kayan karatun ta na'urar rarraba layi. A wata kuwa, inda wutar gari kawai aka dogara da ita, kayan suna nan a filashi, ba a cika kunna su ba.

A nan ma an yi saɓani. Wani malami ya riƙa turo kwafin littattafan karatu da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, yana cewa yara talakawa ne kuma littafi ya yi tsada, maganar da babu mai musun ta. Amma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ko da ta yi wa laburare da makarantu wasu rangwame, ba ta halatta a kwafe littafin da ke kasuwa dungurungum a raba ba. Aka amince cewa abin da zai shiga rumbun haɗin gwiwa sai mai lasisin Creative Commons, wanda ke ba da izinin kwafa da rabawa kyauta, ko wanda mai shi ya saki. Malamin bai gamsu ba, ya dai daina turowa a zauren.

Ɓangaren da ya fi taɓa ɗalibai shi ne wanda aka fi jinkirin farawa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka shugabannin makarantu sun fi saurin fahimtar amfanin laburare idan an ce 'yan aji shida za su riƙa sabawa da linzami da allon rubutu a can. Ta wannan ƙofa aka shigar da abin da ya fi muhimmanci, wato koya wa yara tantance labari. A garin da hoton wata gawa daga wata ƙasa zai iya tayar da unguwa kafin magariba, darasin binciken asalin hoto ta hanyar mayar da shi cikin injin nema ba kwalliya ba ne. Malamai biyu, Musulmi da Kirista, su suka tsara darasin tare, suka zaɓi misalai daga ambaliya da wasan ƙwallo da gangan, don kada aji ya rabu biyu. Daga baya aka ƙara batun ƙirƙirarriyar basira, bayan malaman Turanci sun fara karɓar insha'i mai santsi daga yaran da ba sa iya karanta abin da suka miƙa. Abin da aka tsaya a kai shi ne duk aikin bincike sai ɗalibi ya nuna littafi ko shafin da ya samo bayaninsa.

Inda abin ya karye

Karayar ba daga wuta ko data ta zo ba. A cikin shekarar karatu ɗaya aka yi wa malamin Hausan nan canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma, ƙwararriyar kuma ta sami aiki a wata babbar makaranta a wajen jihar, abin da ba wanda zai ga laifinta. Sai a lokacin aka lura cewa kundin duka da adireshin imel ɗinta na ƙashin kanta aka buɗe shi, kuma ita kaɗai ke da ikon ƙara mutum ko cire shi. Ta miƙa ikon ba tare da wata matsala ba, amma da ace rabuwar ba ta daɗi ba ce, ko wayar ta ɓata tare da kalmar sirri, da aikin shekaru ya tafi. A garin da gobara ta cinye laburaren Jami'ar Jos na harabar Naraguta a watan Oktoba na 2016, bai kamata a buƙaci tunatarwa kan ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya ba. Tun daga nan kowace makaranta take sauke kundin a ƙarshen zango, ta buga nata ɓangaren a takarda.

Makarantar malamin Hausan ita ta fi jin jiki. Wanda ya gaje shi makulli kawai aka miƙa masa, bai san da zauren ba, bai san da kundin ba, kafin zango biyu kuma an mayar da ɗakin aji saboda yawan ɗalibai, littattafan da aka sha wahalar jerawa suka koma kwali. Makarantar mishan ta ci gaba, domin kujerar ma'aikacin laburare tana cikin tsarin ma'aikatanta, aka ɗauki wani. Wata makarantar al'umma ma ta tsaya da ƙafarta, ba don tana da kuɗi ba, sai don shugabanta ya sa darasin laburare a jadawalin kowane aji, ya rage wa malamar darussa, ya kuma haɗa ta da mataimaki wanda yake zuwa zaman Asabar tare da ita. Idan aka jera makarantun, ba yawan kwamfuta ne ya raba waɗanda suka ɗore da waɗanda suka faɗi ba. Abin da ya raba su shi ne ko ilimin yana kan mutum ɗaya ko biyu, da kuma ko aikin yana da gurbi a jadawali.

Akwai kuma raunin da haɗin kan ba zai iya magance wa kansa ba. Malamar da ta shafe Asabar ɗinta tana koyon rarraba littattafai ba ta da takardar da za ta nuna ranar ƙarin girma, alhali takardar bitar otal, wadda ba ta haifar da komai ba, tana cikin fayil ɗinta ana lissafa ta. Ƙungiyar laburaren Afirka, wato AfLIA, mai hedikwata a Akara, tana gudanar da darussa ta intanet ga ma'aikatan laburare na Afirka, kuma wasu daga cikin malaman sun gwada bi, amma awa ɗaya ta bidiyo tana cin datar da malamin makaranta ke lallaɓawa na kwanaki, daga aljihunsa. Haka nan rashin ƙwararriyar ya nuna iyakar koyon tsara da tsara: tambayoyin yau da kullum suna amsa wa junansu, amma idan littafi mai wuya ya zo, ko aka so kwashe kundin zuwa Koha, sai an nemo ta a waya, ita kuma yanzu tana da nata aikin.

Waɗanda suka rage sun ɗauki matakai biyu. Sun tsara takardar miƙa aiki wadda duk mai barin laburare zai cike, mai ɗauke da lambar rajista ta ƙarshe, da jerin littattafan da ke hannun wata makaranta, da inda filashi yake, da sunan wanda za a kira a saka sabon malami a zaure, kuma sun buɗe wa kundin adireshin imel na haɗin gwiwa wanda mutum uku daga makarantu dabam-dabam suke riƙe da kalmar sirrinsa. Sun kuma rubuta wa shugabannin makarantunsu suna neman a mayar da zaman wata-wata cikin ranakun aiki, a lissafa shi a matsayin horon ma'aikata, sannan a nemi wani ƙwararre daga reshen ƙungiyar ma'aikatan laburare na jiha ya riƙa halarta yana sa hannu a takardar halarta. Wasu shugabannin sun amince da rabin yini sau ɗaya a zango, wasu sun ce a bari sai an gama jarrabawa. Zaman Asabar yana ci gaba da mutanen da ba su kai na da ba, kuma saboda sababbin malaman da aka miƙa wa makulli a bana, an koma kan darasin rajista da hatimi daga farko.